A Cire Sunana Daga Ƙarƙashin Fuskar Bukar Mai Shayi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Zaɓen Mutanen da Za a Sa a Sabon Kan Sarki,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da sauran 'yan kwamiti, har da mai ɗaukar muku hoto, wanda maganarsa na nan tafe. Ina yi muku sannu da aiki, Allah Ya ba da lada.

Sunana Malam Habu, manomi ne ni, a wani ƙauye da ke gabas da Tsanyawa nake zaune, a nan aka haife ni. Idan ka ɗaga kai ka dubi fostar da kuka fitar ta mutanen da za a sa a sabon kan sarki, za ka ga sunana tsakanin wata ungozoma da wani malamin makaranta, an rubuta "Malam Habu, Manomi Abin Koyi." Yallaɓai, sunan nawa ne. Gonar da ke bayan mutumin tawa ce. Malafar da ke kansa tawa ce, fartanyar da ke hannunsa tawa ce, jan san da ke leƙowa ta kafaɗarsa ma nawa ne, Jatau muke kiransa. Abu ɗaya ne kawai ba nawa ba a hoton nan, shi ne mutumin. Wannan Bukar ne, mai shayin bakin titinmu.

Na zaɓi in rubuto a fili kowa ya karanta, saboda na bi ofisoshi har takalmina ya gaji, kuma na ji a rediyo cewa da an gama girbi za ku fara buga kan sarkin. Ga bayanina dalla-dalla.

Na ɗaya: yadda abin ya faru.

A daminar nan, lokacin da dawa ta fara fid da kai, aka yi sanarwa a rediyo cewa za a buga sabon kan sarki, irin wanda ake manna wa wasiƙa a gidan waya, kuma a wannan karon ba manya za a sa ba, talakawa za a nemo waɗanda suka zama abin koyi a sana'arsu. Na ji sanarwar ina jiƙa wa shanu dusa, ban ma ɗauka da irina ake ba. Sai bayan sallar Juma'a mai unguwa ya tsayar da jama'a a ƙofar masallaci, ya ce malamin gona na yankinmu ya miƙa sunana kuma an karɓa, masu ɗaukar hoto za su zo ranar Talata.

Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi. Gonar nan ita mahaifina ya noma, ita nake nomawa tun tsayina bai kai na ƙotar fartanya ba. A ƙasarmu gona jingine take da gona, ba mu da dajin da za mu sara, ba mu da filin da za mu bari ya huta, wanda bai kai taki da rani ba shi da tuwo sai a gidan maƙwabta. Kuma ni ban taɓa karɓar lambar yabo ba a rayuwata. Ko a firamare, muƙamin da na taɓa riƙewa shi ne kaɗa ƙararrawa.

Mai ɗakina Hansai ta wanke babbar rigata ta sallah, ta zuba mata sitaci har rigar tana iya tsayuwa ita kaɗai ba kowa a ciki. Wanzami ya yi min aski ya daidaita gemu. Na buga wa 'yata Rakiya waya, wadda ke karatun aikin jinya a Kano, ta yi ihun murna ta ce sai duk 'yan ajinsu sun ji. Ranar Talata na shiga rigar, na tafi gona na tsaya a ƙarƙashin gawo, wanda kowa ya san da damina ba shi da ganye balle inuwa. Ban zauna ba don kada rigar ta yamutse. Har la'asar ba a zo ba. Laraba ma haka na wuni a tsaye. Amfanin da na ga na samu kawai, ko tsuntsu ɗaya bai kusanci dawata ba.

Ranar Alhamis na ce an fasa ke nan, na mayar da tsummokaran aikina na fita. Ina cikin cire ciyawa wata mata da ke dawowa daga rijiya ta ƙwala min kira, ta ce Jatau ya tsinke igiya ya faɗa kududdufin bayan gari, inda muke ɗibar ƙasar gini. Na rataye malafa da fartanya a reshen gawo na ruga. Na tarar da shi ya nutse har ƙirji yana zare ido. Na faɗa ciki na ɗaura masa igiya, maƙwabta suna ja ta sama ni ina turawa ta baya. Kafin mu fito, ba a gane wane ne san wane ne mai san sai an duba ƙaho.

A daidai wannan lokacin motarku ta iso garinmu.

Nan dole in gabatar maka da Bukar. Babarbare ne, kakanninsa daga Borno suka zo fataucin kanwa, ƙasar ta yi musu daɗi suka zauna. Sa'ana ne, tare aka yi mana shayi muna yara. Ni na warke na kama noma, shi kuwa har yau bai rabu da shayi ba. Ni Bafulatani ne, ko da yake Fulatancina bai wuce gaisuwa ba, kuma ka san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Tun muna yara idan ya gan ni sai ya ce bawansa ya iso, ni ma in rama. Bukar bai taɓa shuka ko ƙwayar wake ba. Gonar gadonsa ƙaninsa ke nomawa, shi ya ce warin taki ciwon kai yake sa shi.

Mutanenku suka tsaya a teburinsa suka tambayi gonar Malam Habu. Maimakon ya nuna musu da hannu, sai ya rufe butarsa, ya shige gaban mota ya ce su je ya kai su. Da suka isa, mai ɗaukar hoton, wani saurayi mai gilashi da matsattsen wando, ya ga malafa da fartanya a rataye, ya ce, "Baba, kai ne mai gonar?"

Bukar ya rantse min bai ce e ba, kuma na yarda da shi. Abin da ya faɗa, wanda mutane da yawa suka ji, shi ne, "Ɗana, gona ta Allah ce, mu duk riƙo aka ba mu."

Saurayin ya dafe ƙirji ya ce bai taɓa ganin tawali'u irin wannan ba. Da hannunsa ya ɗora masa malafata.

Ana cikin haka na iso, ina jan Jatau, taɓo tun daga gemu har yatsun ƙafa. Ina hango abin da ake yi na ƙara sauri. Saurayin ya ɗaga min hannu ya ce, "Baba, don Allah ɗan matsa gefe, kana shigo mana hoto." Na buɗe baki zan yi bayani, sai haki da laka suka riga magana fitowa. Bukar ya ce, "Ku yi masa haƙuri, bawana ne, Bafulatani. Shi ke kula min da shanu. Yana da ƙoƙari, wanka ne dai ba ya so." Mutanen garin da suka biyo motar suka bushe da dariya, don su a wurinsu wasan da aka saba ne, ba wanda ya yi tunanin baƙi za su ɗauke shi gaske.

Saurayin ya ga Jatau ya ce kai, wannan sa zai yi kyau a hoto. Ya ɗauko ruwan roba daga mota ya wanke masa fuska tas. Ni ko ɗigo ban samu ba. Ya tsayar da shi a bayan Bukar, sannan ya miƙo min wani faifai mai ƙyalli kamar murfin babbar tukunya, ya ce in karkata shi haka in tare rana. Yallaɓai, hasken nan da kake gani yana sheƙi a goshin Bukar a fostarku, ni na haska shi.

Za ka ce me ya sa na karɓi faifan. Mu an raine mu a kan cewa ba a tayar da jijiyar wuya a gaban baƙi. Na ce bari su gama, in wanke bakina, in ja shugabansu gefe in yi masa bayani cikin mutunci. Sai hadari ya taso daga gabas, direba ya ce idan ruwa ya sauka hanyarmu ba ta biyuwa. Kafin in ajiye faifan sun shige mota. Bukar ma a ciki ya koma, yana ɗaga min hannu ta taga da malafata a kansa.

Na biyu: hoton kansa.

Ina roƙon a kira kowane manomi, ko daga wace jiha, a nuna masa hoton nan. Bukar ya riƙe fartanya da yatsu uku, ƙaramin yatsansa a sama, yadda yake riƙe cokalin kaɗa madara. Bakin fartanyar cikinsa yake kallo. Igiyar malafa da ake sa wa a haɓa, shi a ƙeya ya sa ta. Idan wannan ne abin koyin da za a nuna wa matasan ƙasar nan, to a fara ƙara gadaje a asibitoci. Sannan ga tsagar Barebari reras a kumatunsa biyu, ga sunana a ƙasa. A duk zuriyarmu ba a taɓa samun mai tsaga ba sai da kwamitinku ya yi min.

Na uku: abin da hoton ya jawo min.

Tun ranar da fostar ta iso, ba a kiran Bukar da sunansa, sai Kan Sarki. Ya liƙa guda a saman teburinsa, ya sa mata leda don kada tururi ya taɓa ta. Yanzu duk wanda ya zauna shan shayi sai ya sha da shawarar noma kyauta. Ya gaya wa mutane wai sirrin dawar da ke cikin hoton shi ne zuba ganyen shayin da aka gama dafawa a gindinta. Da can shi ke wahalar kai ganyen nan juji. Yanzu mutane daga ƙauyukan maƙwabta layi suke yi da kwano. Wani bawan Allah daga wajen Ɗambatta ya same ni a gonata, ya yaba dawar, sannan ya tambaye ni ko na taɓa gwada dabarar Malam Habu.

Makarantar firamare ta ƙauyen gaba ta gayyaci Malam Habu ya yi wa yara jawabi ranar raba kyaututtuka. Mai kawo gayyatar bai tambayi kowa ba, ya duba fosta ya nufi teburin shayi. Bukar ya je, an ba shi kujera mai hannu, ya yi jawabi mai tsawo kan amfanin sammako. Ban ce ba ya sammako ba. Yana yi, amma don ya ɗora ruwa.

Sai Gwaggo Dije, ƙanwar mahaifina da ke zaune a Bagwai, tsohuwa ce tukuf, idonta ya yi rauni. Aka nuna mata hoton a waya aka ce ga Habu ya shiga kan sarki. Ta kai wayar kusa da hanci ta duba, ta saki salati. Washegari ta hau bas ta taho da gorar rubutu da ƙullin saiwoyi, tun daga bakin titi take kuka tana cewa an yi wa ɗan yayanta sammu, an sauya masa kama, an kuma tsaga shi da tsufansa. Da ta shigo ta kama fuskata ta shafa kumatuna biyu, ta ji sumul, sai ta yi hamdala ta ce lallai malamin da ya ba ta rubutun nan ya iya aiki, maganin tun daga hanya ya fara ci. Duk da haka sai da ta tsare ni na shanye gorar, wai don kada tsagar ta dawo.

Duk waɗannan zan iya haɗiye su. Wanda ya tsaya min a maƙogwaro shi ne na Rakiya. Yarinyar nan ta gama gaya wa ƙawayenta cewa mahaifinta manomi ne kuma hukuma ta karrama shi. Wasu cikinsu 'ya'yan masu hali ne, na san ba ƙaramin abu ba ne a wurinta ta samu abin da za ta ɗaga kai da shi. Da fostar ta fito suka taru a kanta, suna duba hoton suna duba fuskarta, suna cewa ko dai wannan ba babanta ba ne, ko ita ba 'yarsa ba ce. Ta kira ni, ba ta yi kuka ba, amma na san muryar 'yata. Ta ce, "Baba, ba komai, ai ni na san wanda ya noma dawar." A ranar ban iya cin tuwo ba. A ranar kuma na yanke shawarar ba zan bar maganar nan ba.

Na huɗu: inda na kai kuka.

Na fara da mai unguwa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce shi tun da aka naɗa shi bai taɓa shiga tsakanin Bafulatani da Babarbare ba, kuma ba zai fara a kaina ba. Na wuce wurin dagaci. Ban kai ga wurin faifai mai ƙyalli ba dariya ta sarƙe shi, sai da aka kawo masa ruwa aka bubbuga bayansa. Da ya farfaɗo ya ce in dawo wani lokaci in sake ba shi labarin, yana da baƙi da za su so su ji. Na nemi malamin gonan da ya miƙa sunana, aka ce an yi masa canjin wurin aiki.

Daga nan na shiga wani ofis da aka ce su ke karɓar irin wannan ƙorafi. Fostarku na liƙe a bangon. Na ce wa ma'aikacin ni ne Malam Habu. Ya dubi bango, ya dube ni, ya sake duban bango, ya ce, "Malam, ga Malam Habu can. Kai wane ne?" Na ciro katin shaidata na miƙa masa. Ya ɗaga shi kusa da fostar ya gwada, ya girgiza kai ya ce hoton katin ma bai yi kama da Malam Habu ba, ya kamata in je a gyara min katin tun kafin in shiga matsala. A ƙarshe ya ba ni shawara in zo da shi Malam Habun da kansa ya shaide ni.

Na haɗiye girmana na je na roƙi Bukar. Ya ce zai je, amma mutum mai matsayinsa ba ya zama a bayan mota, kuma abin da zai iya rantsewa a kai kawai shi ne ni bawansa ne.

Na biyar: wane ne ya cancanci hawa kan sarki.

Kada a ɗauka ina cewa ni kaɗai na isa. A garinmu akwai Malam Ado, wanda duk lokacin da famfon burtsatse ya lalace shi ke kwance shi ya ɗaura, ba wanda ya naɗa shi, ba wanda ya taɓa ce masa sannu sai in ruwa ya ƙi zuwa a zage shi. Akwai Iya Abu, wadda duk macen da naƙuda ta yi wa tsanani ita ke ɗora ta a mota ta raka ta asibiti ta zauna har a sauka. Da ɗayansu kuka zaɓa, da ni zan fara zuwa barka. Ra'ayina ɗaya ne: duk wanda za a ce wa jama'a su yi koyi da shi, a nuna shi yana yin abin da yake yi a ranar da ba mai kallonsa. Da hotona aka ɗauka a cikin kududdufi ina tura bayan Jatau, da shi ne hoton manomi na gaskiya, ko da yake Hansai ta ce da ta bar garin.

Kuma tsakani da Allah ba zan zalunci Bukar ba. Shekarar da gobara ta cinye rumbuna bayan girbi, na zauna a gida na rasa ta yi, kunya ta hana ni buɗe baki ga kowa. Kullum da safe sai a yi sallama a ƙofar gidana, a miƙo butar shayi da burodin da zai ishi yarana, tare da saƙo wai a ba bawansa kada ya mutu a yi masa asara. Haka aka yi ta yi har sabon gero ya nuna. Mutumin da bakinsa ba ya rufuwa tun asuba, bai taɓa tayar da wannan magana a gaban kowa ba, ni ne yau na fara faɗinta. Saboda haka idan kuna son Bukar a kan sarki, ya cancanta. Amma da butarsa, da sunansa.

Na shida: abin da na gano a gidan waya.

Sai na lura cewa ina ta shari'a a kan abin da rabona da ganinsa tun ina saurayi. Mu yanzu saƙo ta waya muke aikawa, ko mu ba direban bas. Na ce bari in je in ga wannan daraja da aka ƙwace min da idona. Na hau mota zuwa Ɗambatta, daga can na shiga bas ta Kano, na tambaya aka nuna min gidan waya. Na tarar da wani dattijon ma'aikaci mai fara'a, na ce ya nuna min yadda ake amfani da kan sarki.

Ya ɗauko ambulan. Ya yago kan sarki guda, ɗan mitsitsi, bai kai faɗin babban yatsana ba. Ya juya bayansa ya lasa da harshe. Ya manna, ya dunƙule hannu ya naushe shi don ya kama. Sannan ya ɗauko wani hatimi mai nauyi, ya dangwala a baƙar tawada, ya ɗaga shi sama, ya sauke shi tim a tsakiyar fuskar mutumin da ke jiki. Sai da teburin ya girgiza.

Na ce, "Malam, laifin me ya yi?"

Ya ce, "Ba laifi, haka ƙa'ida take, don kada a sake amfani da shi."

Na ce, "Kowace wasiƙa haka ake yi mata?"

Ya ce, "Kowace wasiƙa, a kowane gidan waya, a duk faɗin ƙasar nan."

Na roƙe shi ya sake yi in gani. Ya sake. Yallaɓai, sai da na nemi benci na zauna. Tun daga Kano har gida ni kaɗai nake dariya a mota, har matar da ke kusa da ni ta ɗauke ɗanta ta mayar ɗaya cinyar.

Ban ko shiga gida ba na zarce teburin Bukar, wurin cike da mutane. Na tsaya na kwatanta musu komai, da naushin da tawadar da saukar hatimi, har da ƙarar. Na ce masa na yafe, ya riƙe kan sarkinsa, kuma ranar da ya fito ni zan fara saye. Zan rubuta wa Gwaggo Dije, zan rubuta wa surukaina, zan rubuta wa mutanen da ban sani ba, shi kansa zan riƙa aiko masa da wasiƙa duk mako ko da yake daga ƙofar gidana ana jin tarinsa, don kawai in tsaya in ga an sauke masa hatimi a hanci.

Bukar bai katse ni ba. Ya bari na gama, ya ɗaga buta sama ya tsiyaya shayi a kofi, ya turo min gabana. Sannan ya ce, "Madalla, Allah Ya ba da iko. Amma kafin a buge ni, ka ce sai an juya ni an lashi baya ko? To ka ga aiki ya same ka, bawana. Duk mako ka zo ka lashi ƙeyata."

Wani sai da shayi ya fito masa ta hanci. Ni dai na shanye nawa, don ya riga ya zuba.

Saboda duk abin da ya gabata, ina roƙon kwamitinka mai albarka abubuwa kamar haka.

A bar fuskar Bukar yadda take, kada a taɓa ta, a ma ƙara mata girma idan da hali, don hatimi ya riƙa samun wurin sauka.

A cire sunana daga ƙarƙashinta a rubuta nasa, Bukar Mai Shayi. A goge fartanyar a zana masa buta, kafin wani yaro ya gwada wannan riƙon ya raunata kansa.

A umarci ma'aikatan gidan waya su riƙa karkata hannu zuwa hagu idan za su buga, saboda Jatau yana dama, kuma shi bai yi wa kowa ƙarya ba.

A aika wa 'yata Rakiya takarda mai hatimin ofishinku, ko layi biyu ne, a ce dawar da ke cikin hoton mahaifinta ne ya noma ta, don ta samu abin nuna wa ƙawayenta. Idan ɗaya kawai za ku iya yi min cikin roƙon nan, to wannan nake so.

Na ƙarshe, kuma ina roƙon a ɗauke shi da muhimmanci: dattijon gidan waya ya gaya min akwai wani irin kan sarki na zamani mai gam a jikinsa, wanda ɓare shi kawai ake yi a manna, harshe bai shiga ba. Don girman Allah, irinsa za ku buga.

Ina addu'a Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya yi riƙo da hannunka a wannan aiki, Ya albarkaci zuriyarka. Allah Ya ba mai ɗaukar hotonku mata ta gari da basirar tambayar mutum sunansa. Allah Ya ba mu damina mai albarka da kaka mai yalwa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Idan hanya ta biyo da kai ta wajenmu bayan girbi, ka tsaya ka ci tuwon sabuwar dawa. Ka tambayi gidana a wurin kowa, ban da mai shayi.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Habu, manomi,
daga ƙasar Tsanyawa.